Shamoni, Garin da Sanyi Ke Kama Mutum ta Ƙafa

Garin Shamoni yana can gabashin ƙasar Faransa, a cikin wani kwari, daf da kan iyakar Italiya da Suwizalan. Daga Janeba zuwa can tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci a mota. Dutsen Mon Bulan, mai tsawon sama da mita 4,800, shi ya yi wa garin rumfa, kullum kansa fari fat kamar an baɗe shi da garin alabo. A nan aka fara gasar Olimfik ta lokacin hunturu a 1924, har yanzu kuwa abincin mutanen garin ya dogara ne a kan baƙi masu zuwa sulu a kan dusar ƙanƙara.

Mun je a watan Janairu, ni da maigida da ƙanwarsa, wadda ba ta daɗe da tarewa a Janeba ba, lallen bikinta ma bai gama fita ba. 'Yar'uwa, in kin ji ana sanyin Jos ko na Funtuwa, to ki ajiye shi gefe guda. A nan numfashinki hayaƙi yake zama, ruwan da ya kwana a waje kuwa dutse za ki tarar.

Ranar da muka shiga shagon hayar kayan sulu na fara ganin takalman. Bayansu roba ce mai tauri, tana kaiwa har ƙwauri, da maɗaurai na ƙarfe guda huɗu, a ciki kuma akwai wani takalmin na soso wanda ake iya zarewa. Dattijon da ke shagon ya auna ƙafata, ya miƙo mini safa ɗaya tal, doguwa, siririya, ta ulu. Na ce, "Haba Baba, wannan 'yar ficiciyar?" Maigida ya fassara masa, ya yi dariya, sannan ya yi mana bayani.

Ashe jini ne ke ɗumama ƙafa, aikin safa kawai ta tsare ɗumin. In aka ninka safa biyu ko uku, takalmin zai matse jijiyoyin bayan ƙafa, jini ya kasa isa yatsu. Safar auduga kuma ita ce babbar abokiyar gaba, don tana shan gumi ta riƙe, jiƙaƙƙiyar ƙafa kuwa nan da nan take sandarewa. Haka in an yi alwala, sai an tsane tsakanin yatsu sarai kafin a sa safa. Ba a cusa ƙafar wando cikin takalmin, ba a barin sarƙar ƙafa. Maɗauran da ke kan ƙwauri su ake ɗaurewa tamau, na kan yatsu kuwa sakwa-sakwa, a kuma sassauta su duk lokacin da aka zauna a kujerar nan mai tafiya a kan waya tana hawa da mutane kan tudu. Da dare a zare soson a shanya a ɗaki mai ɗumi, kada a bar takalmi ya kwana a bayan mota.

Ita amarya tamu, da yake tsoron sanyi ya cika mata ciki, ashe ta faki idonmu ta ƙara safar auduga biyu a ƙasa. Muna filin 'yan koyo na Fulana, ana faɗuwa ana tashi ana dariya, wajen awa biyu, sai ta matso ta ce, "Anti, ai ni na huta, ƙafata ta daina zafi, ba na ma jin ta." Gabana ya faɗi, don dattijon ya ce muddin yatsu na zugi da sauran dama, in suka yi shiru to a bar fili nan take.

Muka shige da ita ɗakin shan shayi aka cire takalman. Alamar da ake dubawa ita ce fata ta yi fari ko toka-toka, ta yi tauri kamar kyandir, amma baƙin lalle ya rufe yatsun ruf, sai da muka dinga taɓawa muna tambayarta. Yayanta ya kai hannu zai murza, wata ma'aikaciya ta hana shi. Ba a murza ƙafar da sanyi ya kama, ba a kara ta a wuta ko hita, don ba ta jin zafi, sai ta ƙone ba a sani ba. Ruwa mai ɗumi aka kawo, kamar na wankan jariri, digiri 37 zuwa 39, ta tsoma kusan rabin awa. Da jini ya fara dawowa ta yi ta hawaye tana, "Wayyo Yaya, allurai!" Likita ya duba ta da yamma, ya ce ba ta yi nisa ba, amma in aka ga ƙuraje masu ruwa to asibiti kai tsaye, don akwai masu rasa yatsu ta haka.

Bayan kwana biyu ni da maigida muka hau Egwi du Midi, inda motar waya da aka buɗe a 1955 take kai mutum daf da ƙololuwarsa mai mita 3,842 cikin kamar minti ashirin. Sanyin can ya ninka na gari, amma ƙafata lafiya lau. Na ci na ƙoshi, na sha shayi mai zafi, na rufe kai da ƙirji sosai, domin in jiki ya ji sanyi daga hannu da ƙafa yake fara janye jini. Na kuma manna 'yar fakitin nan mai garin ƙarfe a saman safata, wadda da iska ta taɓa ta sai ta yi ta ba da ɗumi na awoyi. Masu hali har safa mai batir suke saye.

Mai ciwon suga da mai sikila su ga likita tun a gida kafin su yanki tikiti, don suga na rage jin ƙafa, sanyi da ƙarancin iskar kan dutse kuma suna tayar da ciwon sikila. Mai zuwa da yara ta dinga cire musu takalmi tana taɓa yatsun da hannunta, don yaro in wasa ya yi daɗi ba zai faɗa ba. Amare kuma, a yi haƙuri a bar yatsun ƙafa ba lalle sai an dawo.