Ranar da shan kaye ya daina yi mini ciwo

A daren Laraba, 21 ga Mayu, 2025, Manchester United ta buga wasan ƙarshe na Kofin Europa da Tottenham a birnin Bilbao na ƙasar Sifaniya. Daga gidanmu a Ƙofar Kuyambana zuwa gidan kallon da na shafe fiye da shekara goma sha biyar ina zuwa, tafiyar ba ta kai ta minti biyar ba. Na idar da sallar Isha'i, na ji ƙarar janaretan gidan kallon, na san an take wasa, amma sai na shige gida na kwanta. Da safe a teburin mai shayi na ji cewa an ci mu ɗaya da nema. Na ce Allah Ya kyauta, na ci gaba da kurɓar shayina. Sai da na kama hanyar wurin aiki na lura cewa ban ji ciwon komai ba, kuma wannan rashin jin ciwon ne ya tayar mini da hankali.

Na fara son United ne a daren 26 ga Mayu, 1999, kwana uku kafin soja su miƙa mulki ga farar hula. Mun cika ɗakin wani maƙwabcinmu maƙil, Bayern Munich tana gaba da ci ɗaya har minti casa'in ya cika, sai Sheringham ya farke, Solskjaer ya ƙara. Ihun da muka yi a daren nan sai da ya fito da dattawan unguwa ƙofar gida. Daga nan muka shiga shekarun jin daɗi. Alex Ferguson ya ɗauki Kofin Firimiya sau 13 kafin ya ajiye aiki a 2013, kuma a duk tsawon lokacin, ranar wasan United sai ka yi sammako kafin ka sami benci. Mai gidan kallo yakan aro kujeru a maƙwabta, mai gyaɗa da mai rake su yi ciniki har kayansu su ƙare.

Tun daga 2013 ƙungiyar ba ta sake ɗaukar Firimiya ba. An kawo Moyes, an kawo Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, kowa ya zo da alkawari ya tafi da sallama. An ɗan taɓa kofuna, kamar na FA a 2016 da 2024 da na Europa a 2017, amma duk mai kallo ya san tafiyar ta sauya. A kakar 2024/2025 sai ga United ta ƙare a matsayi na 15 cikin ƙungiyoyi 20.

Na zauna a bencin nan na ga yadda zumuɗi yake mutuwa, kuma ba rana ɗaya yake mutuwa ba. Da farko fushi muke yi, mu yi ta musu har tsakar dare a kan wanda ya kamata a kora. Daga baya muka koma neman uzuri: alƙalin wasa ne, rauni ne, sabon koci bai gama sanin 'yan wasansa ba. Da uzuri ya ƙare sai muka koma yi wa kanmu dariya tun kafin 'yan Arsenal da 'yan Chelsea su yi mana. Ranar 5 ga Maris, 2023, da Liverpool ta zura mana bakwai da nema a Anfield, ban ga wanda ya ɗaga murya ba. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kamar masu barin wurin zaman makoki. A ranar na gane cewa mai fushi bai fita ba tukuna. Wanda ya yi shiru shi ne ya fita.

Kwanakin baya mai gidan kallon ya tare ni a hanya. Ya ce, "Malam, kun guje ni. Yanzu idan wasanku ya haɗu da na wasu, a ƙaramar talabijin nake sa muku, domin kuɗin da nake tarawa a kanku ba ya sayen man janareta." Gaskiyarsa ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin shiga ya tashi, matasa da yawa kuma sun koma kallo a waya. Amma na san ba kuɗin shiga ne ya hana ni zuwa ba.

Wannan magana tasa ce ta tuna mini da Baffa, ƙanen mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Shi bai san wata ƙungiya ba sai Ranchers Bees ta Kaduna, wadda tun tana DIC Bees yake binta. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofunan ƙalubale ta Afirka, inda Bizertin ta Tunisiya ta doke ta, sannan a 1989 ta ɗauki Kofin WAFU na Afirka ta Yamma. Ina ɗan shekara goma Baffa ya fara riƙe hannuna mu shiga motar Kaduna. A filin wasa na Ahmadu Bello ya nuna mini wani matashi mai ƙirar ƙarfi, ya ce in riƙe sunansa. Daniel Amokachi ne, wanda ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990, kuma yana cikin 'yan wasan Everton da suka doke United a wasan ƙarshe na Kofin FA a 1995.

Da tauraron Bees ya fara dusashewa, na ga Baffa ya bi matakan nan da na lissafa, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi faɗa, ya yi uzuri, sannan ya daina zuwa Kaduna, ya koma sauraron sakamako a rediyo, daga ƙarshe ya daina tambaya. Lokacin da ya ga na rataya jar riga ina ta murnar cin Bayern, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka je ka yi ta yi. Amma ranar da suka fara faɗuwa za ka san ko ƙungiyar kake so ko nasara." A lokacin na ɗauka zafin faɗuwar tasa ƙungiyar ne yake sa shi magana. Bayan shekara ashirin da shida, maganar ta zo ta same ni har gadona.

Sai dai akwai bambanci tsakanin shirun Baffa da nawa, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Idan duk mutanen Zazzau suka daina kallon United gobe, ko a jikinta. Tana da kuɗin talabijin, tana da masu talla, tana da masu sayen riga a kowace nahiya. Ƙungiya irin Bees kuwa, jama'ar da ke shiga fili su ne jininta. Da su Baffa suka ja baya, mu kuma 'ya'yansu muka juya fuska zuwa Ingila, babu wanda ya maye gurbinmu. Ƙungiyar ta faɗa ƙananan rukunoni, har aka wayi gari yaro ɗan Kaduna ko Zariya zai lissafa maka 'yan wasan Real Madrid kaf, amma bai taɓa jin cewa wata ƙungiya a jiharsa ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma ba. Mun daɗe muna cewa ƙwallon gida ta lalace shi ya sa muka bar ta. Ban taɓa jin mun tambayi kanmu ko barin da muka yi mata yana cikin abin da ya lalata ta ba.

A nan dole in yaba wa mutanen Kano. Pillars ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, sannan a 2022 ta faɗa rukuni na biyu. Kanawa ba su daina cewa "Sai Masu Gida" ba, kuma shekara guda ƙungiyar ta yi ta dawo. Ba na cewa ihu kaɗai ke dawo da ƙungiya, amma ƙungiyar da mutanenta suke jira tana da dalilin dawowa.

Wani zai ce ai wasa ne, kuma a wannan zamani na tsadar rayuwa ba a ɗora wa magidanci nauyin ɓacin ran da ba ya kawo ko kwanon masara. Na yarda. Babu wanda ya yi rantsuwa da ƙungiya. Amma da na zauna na lissafa abin da na rasa tun da na daina zuwa gidan kallo, ban sami kofi a ciki ba. Abin da na rasa shi ne bencin nan da malamin jami'a da ɗan acaɓa da tela suke zama kafaɗa da kafaɗa, kowa da bakin magana. A nan nake jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda ba shi da lafiya. Wani abokin zamana ya yi wata biyu a kwance ban sani ba, domin gidan kallo ne kawai yake haɗa mu. Ashe ƙwallon sanadi ce kawai, mu da muka ɗauka don nasara muke taruwa.

Ɗana yana da shekara goma yanzu. Makon jiya ya tambaye ni wace ƙungiya ya kamata ya bi, domin abokansa duk sun koma wadda take ci. Na buɗe baki zan ce United, sai na kasa. Na ba shi labarin Baffa da motar Kaduna, na kuma gaya masa abin da Hausawa suke cewa, ba a shan zuma sai an sha harbi.

Na yi wa kaina alkawari biyu. Ranar Asabar zan koma gidan kallo, ko da a gaban ƙaramar talabijin ne. Sannan idan an buɗe kakar wasa, in Allah Ya yarda, zan riƙe hannun yaron nan mu shiga motar Kaduna mu kalli Bees, ko a wane rukuni take bugawa. Mai yiwuwa a ci mu. Addu'ata ita ce, idan an ci mu ɗin, in ji ciwon abin.