Gurnanin da ya rufe muryar Inna

A wata unguwa ta birnin Maraɗi akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin baitulmali, wanda ya ajiye aiki ƴan shekarun baya. A ɗakin baƙinsa akwai na'urar sauti ƙirar Japan, mai ampli da gidan kaset da lasifika biyu, wadda ya sayo a Kano ƴan watanni kafin a karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994. Yakan ce da ya yi jinkiri kaɗan, da albashinsa bai kai gare ta ba.

Shekara da shekaru tana lulluɓe da zane, ba mai kunna ta. Abin da ya sa ya yaye zanen kuwa kaset guda ne da ya tsinta a ƙasan akwatin takardunsa. Sa'ad da yake karatu a Yamai, mahaifiyarsa ba ta rubuta masa wasiƙa, don ba ta yi boko ba. Ƙanensa ne ke ajiye rediyo mai kaset a gabanta, ta faɗi saƙonta, a ba direba ya kai. Duk sun salwanta sai wannan. Ita kuma ta riga mu gidan gaskiya, jikokinta ba su taɓa jin muryarta ba.

Da ya kunna, abin da ya fara fitowa wani gurnani ne mai kauri, kamar injin niƙa daga nesa. Ya murɗa maɓallin ƙara sauti, sai ƙaraf-ƙaraf ya cika ɗakin. Muryar tsohuwar tana can ƙasa, kamar mai magana daga cikin rijiya. Ya yi maza ya kashe, don tsoron kada na'urar ta tauna zaren.

Da farko ya ɗora laifin a kan wutar lantarki. Wani maƙwabcinsa ɗan kasuwa ya ba shi shawara ya sayi akwatin daidaita wuta. Ya saya, ya haɗa, gurnani yana nan yadda yake, kuɗi kuwa sun tafi. Daga nan ne ɗansa ya ɗora na'urar a bayan babur, suka nufi rumfar wani tsohon mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Tsohon bai taɓa sukudireba ba sai da ya karɓi kaset ɗin, ya karya ƴan harsunan nan biyu da ke samansa, waɗanda in babu su na'ura ba ta iya shafe abin da ke ciki. Ya mayar wa mai shi, ya ɗauko wani kaset marar amfani don gwaji.

Ya ce: "Alhaji, ƙara kamar tari take. Akwai na sanyi, akwai na ƙura, akwai na ƙirji. Sai an saurara kafin a ba da magani."

Ya cire dukkan wayoyi, ya bar ampli da lasifika kaɗai, ya mayar da maɓallin sauti can ƙasa. Gurnani bai tafi ba. Wannan gwaji shi ne na farko da ya kamata mai irin wannan matsala ya yi. In ƙarar tana ƙaruwa ko raguwa tare da maɓallin, to daga abin da aka haɗa take shigowa, ko daga wayar haɗin. In kuwa ta tsaya cik ko da an rufe sauti, cutar tana cikin amplin kansa.

Dalilin kuwa shi ne, wutar da ke shiga gidajenmu, mai volt 220, tana juyawa gaba da baya sau 50 cikin daƙiƙa guda. Ampli ba ya aiki da irin wannan wuta sai ya miƙar da ita, sa'an nan wasu manyan kwandansater su tara ta su riƙa sakinta a hankali, kamar randar da ake zuba wa ruwa guga-guga amma ana ɗiba ba yankewa. A cikinsu akwai wani ruwan sinadari da ke bushewa da tsufa, kuma masu sana'ar sun san cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansu. Wanda ya san watan Afrilu a Maraɗi, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba zai yi mamaki ba. In sun bushe, tsalle-tsallen wutar, sau 100 cikin daƙiƙa, yana isa har lasifika. Tsohon ya nuna musu guda biyu da kawunansu suka kumbura, ya canza su. Ya kuma gargaɗi yaron cewa waɗannan abubuwa suna riƙe wuta ko bayan an cire na'ura daga bango, don haka ba wurin sa hannun ɗan koyo ba ne.

Ƙaraf-ƙaraf ɗin kuwa ƙurar hunturu ce ta shekaru ta kwanta cikin maɓallin. Ya fesa masa maganin wanke mahaɗai, ya murɗa shi sau da yawa, ya yi shiru. Ya jiƙa auduga da alkwal na kantin magani, ya goge kan da ke karanta zare da ƴar tayar robar da ke jan shi, audugar ta fito ja kamar ƙasa. Kai mai datti yana dushe murya, mai saurare ya ƙara sauti, ya ƙara ƙarar tare da ita.

Suka koma gida da murna. Da dare yaron ya haɗa amplin da talabijin kamar dā, ya jawo waya zuwa kwamfutarsa don ya kwafe muryar. Sai ga wani sabon zuzu, siriri, mai tsinin sauti. Ran dattijon ya ɓaci, ya ce an cuce shi. Yaron ya kira tsohon ta salula.

"Baba, ƙarar ta dawo."

"Me kuka ƙara wanda babu shi a rumfata? Ku cire su ɗaya-ɗaya, kuna saurare."

Suka cire wayar talabijin, zuzun ya ragu. Suka zare cajar kwamfutar, suka bar ta a kan batir, ya ɗauke sarai. Abin da ke faruwa shi ne, in na'urori biyu kowace tana da tata hanyar zuwa ƙasa, ta wayar bango ko ta wayar eriya, sa'an nan aka haɗa su da wayar sauti, an ɗaura zobe ke nan. Ƴar wuta kaɗan sai ta riƙa zagaya shi, ampli kuma ya ɗauke ta kamar kiɗa ya ƙara mata ƙarfi. Caja ita ma tana da tata hayaniyar. Wasu sukan yanke wayar ƙasa don su huta, amma wannan sayar da rai ne, domin ita ce ke kare mutum ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen na'ura. Salular ma sai da suka nisanta ta, saboda tana jefa nata tsit-tsit cikin lasifika in kira zai shigo.

Abu guda ya rage, wani huci mai laushi kamar yayyafi a kan kwano. Wannan ba laifin kowa ba ne. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, zarensa faɗin milimita 3,81 ne kawai, yana tafiyar santimita 4,76 cikin daƙiƙa, kuma ƙwayoyin ƙarfen da ke jikinsa su ne ke wannan huci. Dabarar Dolby B ta 1968 tana rage shi, amma sai in da ita aka ɗauki sautin. Ƙaramar rediyon ƙauye ba ta da ita, kuma da suka danna maɓallin sai muryar ta dushe. Yaron ya gwada share hucin da kwamfuta. Ya tafi, amma muryar ta koma kamar ta mai magana cikin gwangwani, kuma sautin daka da kukan zabi da ke bayanta sun ɓace.

Dattijon ya ce: "Mayar da shi yadda yake. Wannan turmin na gidanmu ne."

Suka zauna, manya da yara, suka saurari rabin awa cur. Ta yi gaisuwa, ta ba da labarin damina da na wanda ya yi aure. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunansa ba, domin ɗan fari ne. "Yaron nan" kawai take cewa. Can ƙarshe, bayan ta ɗauka an kashe rediyon, aka ji ta sassauta murya tana tambayar ƙanen: "Yana dai cin abinci a can?" Dattijon ya ce shi bai tuna ya taɓa jin wannan wurin ba.

Washegari aka aika muryar ga ƴan'uwa a Damagaram da Tawa da Abijan. Kaset ɗin kuwa ya koma cikin gidansa, a ɗaki mai inuwa, nesa da lasifika, don maganaɗisun da ke cikinta yana iya ɓata zare.