Kitzbühel: Garin Da Ake Renon Gwanaye A Kan Ƙanƙara

Na sauka Kitzbühel, wani ƙaramin gari a jihar Tirol ta ƙasar Ostiriya, a tsakiyar Janairu, cikin sanyin da ya sa na daina kiran hunturun Kano sanyi. A bayan garin dutsen Hahnenkamm ya tsaya fari fat da dusar ƙanƙara. Tun 1931 ake tseren zamiya a wannan dutse. Shahararriyar hanyarsa, Streif, ta haura kilomita 3, amma gwanaye kan sauko ta cikin ƙasa da minti biyu, da gudun da kan kai kilomita 140 a awa.

Manya na zo gani, sai yara suka ɗauke mini hankali. Da sassafe na tarar da su a gindin dutsen, 'yan shekara shida zuwa bakwai, kowa da hular kwano, suna karkacewa tsakanin sandunan da aka kakkafa. Wanda ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe, ya koma layi. Ƙungiyar wasan ta garin an kafa ta tun 1902, kuma ita ta reni Toni Sailer, wanda ya ci zinare uku a gasar Olamfik ta 1956.

Wani magidanci da ke jiran 'yarsa ya zayyana mini tsanin da yaran ke hawa. Ana farawa da gasar ƙungiya, sai ta gunduma, sai ta jiha. Wanda ya yi fice, yana shekara 14 ko 15 zai nemi gurbi a makarantar kwana ta 'yan wasa. A shekara 16 yake shiga gasannin hukumar duniya, FIS, inda ƙarancin maki ne alamar ƙwarewa, kuma makin ke ba shi damar tashi da wuri kafin hanya ta rarake. Daga nan hukumar ƙasa, ÖSV, kan ɗauki kaɗan zuwa rukunin C, sai B, sai A, sannan babbar tawaga. Gasar Kofin Turai ce ƙofar Kofin Duniya.

Gani ya kori ji, don haka na hau jirgin ƙasa zuwa Stams, yamma da Innsbruck. Ƙauye ne shiru, mai tsohon gidan ibadar Kirista da aka kafa a 1273. A gefensa makarantar take, wadda aka buɗe a 1967. Karatun da sauran ɗalibai ke gamawa a shekara huɗu, a nan biyar yake ɗauka, domin hunturu na gasa ne. Hikimar a fili take: yaron da wasa ya ƙi shi ba zai fita hannu rabbana ba.

Waɗanda wasan ke ƙi kuwa su ne mafi yawa. Kuɗin kaya da tafiye-tafiye na kan iyaye shekara da shekaru, ga tsinkewar jijiyar gwiwa da kan cinye kaka guda cikin ƙiftawar ido. Masu tacewar ma kan yi kuskure. Hermann Maier an sallame shi daga makarantar wasa yana ɗan shekara 15 saboda rashin jiki, ya koma aikin birkila, amma a 1998 ya ci zinare biyu a Olamfik ta Nagano.

Ranar da zan tafi na sake bi ta gindin dutsen. Yarinyar nan ta faɗi sau biyu a gabana, mahaifinta bai motsa ba. Ya san ƙila ba za ta taɓa saka rigar ƙasa ba, duk da haka tun asuba yake tsaye. Mu da kan tuna da 'yan wasanmu ana saura wata guda gasa, sai na tuna maganar magabata: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.