Ƙumshiya Inuwar Littafi Ce

Shafukan farko na kowane dogon rubutu su ne na ƙarshe da ake kammalawa. Ko kundin digiri ne, ko rahoton shekara na ma'aikata, ko littafin koyarwa, bayan sadaukarwa da godiya da tsakure sai ƙumshiya ta biyo, sannan jerin jadawaloli da jerin hotuna. Kowane layi a cikinsu alkawari ne: babi na uku yana shafi na 87, jadawali na 12 yana shafi na 140. Malamin da ya zo duba kundi, ya buɗe shafi na 87 ya tarar da wutsiyar babi na biyu, ba zai tsaya ga wannan kuskure kaɗai ba. Zai fara shakkar alƙaluman da ke cikin jadawalolin ma. Ta haka wahalar shekaru uku kan zubar da kwarjininta tun ba a kai ga gabatarwa ba.

Har yanzu a shagunan buga takardu da ke kewaye da jami'o'i akwai masu tsara ƙumshiya da hannu. Mai bugawa ya rubuta sunan babi, ya danne maɓallin ɗigo har ƙarshen layi, ya leƙa cikin kundin ya kwafo lambar shafi. Da zarar malami mai duba aiki ya ce a ƙara sakin layi biyu a babi na farko, lambobin da ke bayansa sai su gusa, ita kuwa ƙumshiya tana nan inda aka bar ta, tana ba da shaidar zur.

An daɗe da samar wa wannan ciwo magani. A 1985 kamfanin Aldus ya fitar da PageMaker, manhajar da ta sauko da tsara littafi daga maɗaba'a zuwa teburin ofis. FrameMaker, wadda Adobe ya saya a 1995, an gina ta ne musamman don dogayen takardu, InDesign kuma ta fito a 1999. Su da Microsoft Word duk dabararsu ɗaya ce: ba a rubuta ƙumshiya, tattaro ta ake yi. Marubuci zai sa wa kowane kan babi alamar da ake kira salo, ƙananan kanu su ma da nasu salon, bayanin da ke manne da kowane jadawali ko hoto shi ma da nasa. Sai manhaja ta bi rubutun daga farko har ƙarshe, ta tsinto duk abin da ke ɗauke da alamar, ta jera shi tare da lambar shafinsa.

A nan ne yawancin mutane kan yi tuntuɓe. Kan babin da aka ƙara wa girma da kauri da hannu, a idon mutum kai ne, amma a wurin manhaja layi ne kamar kowane layi, don haka ba zai shiga ƙumshiya ba. Haka kuma sakin layin da aka sa wa salon kai bisa kuskure zai faɗo cikinta ɗungurungum. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Wanda ya bar sa alamomi sai daren da za a kai kundi ɗauri, ya sayi aikin kwana.

Tuntuɓe na biyu ya fi na farko ɓoyuwa. Mutum ya hangi kuskuren harafi a ƙumshiyar da manhaja ta tattaro, ya gyara shi nan take a wurin. Gyaran zai zauna har zuwa lokacin da aka sabunta jerin gaba ɗaya, sai kuskuren ya dawo daram, domin tushensa yana can cikin babi. Ƙumshiya inuwa ce. Idan ta karkace, sandar ake miƙewa. Ko kamanninta ake son sauyawa, kamar girman haruffa ko tazarar layuka, akwai wurin da aka tanada: a Word da InDesign kowane mataki na ƙumshiya yana da salonsa, a FrameMaker kuma tsarin layin yana cikin wasu shafukan bayan fage. Abin da aka gyara a can ba ya gogewa.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin abin lura. Salon ƙumshiya na iya amfani da nau'in haruffan da ya bambanta da na cikin littafi. Idan an buga kundin da tsofaffin haruffan nan da ke ɗora ƙ da ɗ da ɓ a gurbin wasu alamomi, lanƙwasar kan ɓace a ƙumshiya, wata alama dabam ta fito a maimakonta. Maganin shi ne a zaɓi nau'in da ke da haruffan masu lanƙwasa na ainihi, a sa shi a ciki da waje.

Sai batun lambobin Rumawa, i, ii, iii, da ake gani a shafukan farko. Ba ado ba ne. Ƙumshiya tana ƙidaya shafuka, alhali ita ma tana cin shafuka. Idan ta ƙaru daga biyu zuwa uku, kowace lamba da ta ambata ta tashi daga daidai. Ware wa shafukan farko ƙidayarsu shi ke hana wannan rikici taɓa babi na ɗaya. Masu aiki da LaTeX, tsarin da Leslie Lamport ya ɗora kan TeX na Donald Knuth, suna ganin abin ƙarara: a zagayen farko manhaja tana tara kanu a wani ƙaramin fayil, a na biyu take zuba su, wani lokaci sai an yi na uku lambobi ke daidaita. Littattafan Larabci da na Faransanci da yawa ba su san wannan damuwa ba, domin a ƙarshe suke ajiye fihirisarsu.

Saboda haka tsarin aikin a bayyane yake. A sa salo tun daga layin farko. A bar manhaja ta riƙa bai wa jadawaloli da hotuna lamba. Idan babuka suna cikin fayiloli dabam-dabam, a haɗa su ƙarƙashin fayil ɗin littafi guda kafin a tattaro jerin. Bayan gyaran ƙarshe, a Word a zaɓi rubutun duka a danna F9, a nemi sabunta jerin gaba ɗaya, ba lambobin shafi kaɗai ba. Daga nan a mayar da shi PDF kafin a kai maɗaba'a, domin wata kwamfutar na iya sauya haruffa, shafuka su gusa.

Aiki ɗaya ya rage wanda babu manhajar da za ta ɗauke wa mutum: ya zauna ya karanta ƙumshiyar kamar baƙo. Idan babi na biyu yana da ƙananan kanu 14, na huɗu kuma ko ɗaya babu, manhaja ba ta yi laifi ba. Gaskiyar ginin littafin ta nuna. Gyaran kuwa yana can ciki.