Daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa a motar haya

Sai da hantsi ya dubi ludayi muka bar tashar Ƙanƙara, domin a wannan yanki matafiyi ba ya sammako, ba ya kuma bari yamma ta riske shi a hanya. Golf ce, mu biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, ga buhunan masara a but. Ɗan kamasho ya karɓi nasa, ya daki bayan motar ya ce Allah ya tsare hanya. Duk muka amsa da ƙarfi, har da wata dattijuwa da ke rungume da jikanta.

Duniya ta san sunan garin nan ne a daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya. Iyaye suka yi dafifi a ƙofar makarantar suka ƙi komawa gida, kuma bayan kwana shida aka sako yara 344. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai ranar tafiyata shi ne titin da muke kai, wanda ya nufi Sheme.

A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin wannan hanya na wani lokaci, aka ce a riƙa zagayawa ta Funtuwa. A Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Na fahimci dalilin, tsare rai ake so. Sai dai wa ke shiga motar haya? Mai kai mara lafiya asibiti, da mai tallan daddawa, da ɗalibi, da manomin da zai sayo taki. Su aka ƙara wa nisa da kuɗin mota, su ne kuma a lokacin idan mota ta lalace a daji ba su da yadda za su kira gida. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zirga-zirga, amma talaka a kujerar motar haya kaɗai yake taɓa wannan 'yanci da hannunsa.

Da muka shiga inda bishiyoyi suka yi duhu, hira ta mutu. Direba ya rage rediyo. Idonsa na kan motocin da ke tahowa, kowace ta gifta sai ya ɗaga hannu, wancan ma ya ɗaga. Idan aka jima ba a ga mota ta taho ba, to akwai magana. Dattijuwar nan tana ta jan carbi a ƙarƙashin mayafi, ina jin ƙarar 'ya'yansa a bayan kunnena, har muka hango rumfunan Sheme.

A can na sauka na sha fura, na kuma tuna watan Yunin 2020. Bayan kisan da aka yi a ƙauyen Kadisau na Faskari, mutanen 'Yankara sun fito sun tare babban titin Funtuwa zuwa Gusau. A watan ne kuma Gamayyar Ƙungiyoyin Arewa ta yi zanga-zangar lumana a birnin Katsina, aka tsare jagoranta Nastura Ashir Sharif a Abuja kafin a sake shi. Na sha jin masu cewa tare hanya zalunci ne ga matafiya, kuma ba ƙarya suka yi ba, ni ma matafiyi ne. To amma mutumin da ya binne ƙaninsa da safe, ba jarida a garinsu, ba wanda zai ɗauki wayarsa a Katsina, me ya rage masa in ban da kwaltar da manya ke bi?

A birnin Montgomery na kudancin Amurka, bayan an kama Rosa Parks a 1955 saboda ta ƙi tashi daga kujerarta ta ba wani farar fata, baƙaƙe sun ƙaurace wa bas-bas na kwana 381, suna takawa a ƙasa. Su wurin zama suka nema a cikin mota. Namu mutanen abin da suke nema bai kai haka ba: a shiga, a sauka lafiya.

Daga Sheme na bi ta Funtuwa, na canza mota mai zuwa Sabuwa ta Ɗandume, gonakin masara dama da hagu, wasu an nome, wasu ciyawa ta cinye. Mun shiga Sabuwa ana kiran azahar. Daga nan dajin Birnin Gwari ba nisa. Direban bai ko kashe mota ba. Ya sauke mana kaya, ya leƙa ya tambayi ɗan kamasho ko akwai fasinjan Funtuwa, ya ce ko mutum uku ne zai tafi da su, don yana so la'asar ta same shi a gida.