Gawa Ɗaya, Littafi Guda

Akwai wani nau'in littattafai da na daɗe ina karantawa, wanda abokaina kan yi mini dariya a kansa. Turawa na ce masa cozy mystery, wato labarin kisan kai da ake karantawa a kishingiɗe, ga kofin shayi a gefe. Tsarinsa sananne ne: ƙaramin gari, gawa ɗaya, ba a nuna wa mai karatu jini, kuma mai gano wanda ya yi aika-aikar farar hula ne, kamar tsohuwa mai saƙa, ko ma'aikacin ɗakin karatu, ko ɗan jarida mai kiwon kyanwa.

Ni ta ƙofar Faransanci na shiga, ta tsofaffin littattafan Le Masque masu rawayan bango da ake bajewa a bakin kasuwa. A nan na san Miss Marple ta Agatha Christie, tsohuwar ƙauyen St Mary Mead a Ingila, wadda littafinta na farko ya fito a 1930. A cikin The Body in the Library na 1942, an wayi gari da gawar wata budurwa a ɗakin littattafan gidan wani tsohon kanar. Ƴan sanda na ta auna sawu, ita kuwa tana zaune tana kwatanta kowane wanda ake zargi da wani mutumin ƙauyensu. Hujjarta ita ce halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Duk wanda ya tashi a gaban kaka ya san irin wannan ilimi, sai dai mu gulma muke ce masa.

Kyanwa daga Amurka ta shigo da ƙarfinta. Lilian Jackson Braun ta fara jerin littattafanta a 1966, ta rubuta 29 kafin ta rasu a 2011. Jaruminta ɗan jarida ne, Jim Qwilleran, mai kyanwoyi biyu, Koko da Yum Yum. Koko kan ture littafi daga kan kanta, sai daga baya a gane sunan littafin yana nuni ga mai laifi. A 2010 kuma Miranda James ya fito da Charlie Harris, ma'aikacin ɗakin karatu a wani ƙaramin gari na jihar Mississippi, wanda ke zuwa aiki da ƙatuwar kyanwarsa Diesel. Ba a banza ake zaɓen waɗannan abubuwa biyu ba. Ɗakin karatu ne ke ajiye tsofaffin jaridu da wasiƙu, inda asirin shekara talatin ke kwance yana jiran mai tonawa. Kyanwa kuwa tana sa mutane su saki jiki, kuma wanda ya tsaya shafa ta yakan faɗi abin da ba zai faɗa wa jandarma ba.

Masu suka suna da abin faɗa. Tun 1944 Raymond Chandler ya rubuta cewa irin waɗannan labarai sun raba kisa da gaskiyarsa, sun mai da shi wasan ƙwaƙwalwa na masu hali. Na yarda da rabin maganarsa. Garin da ake tsintar gawa kowace shekara amma mutanensa na ci gaba da gasar toya waina, ai sai a littafi.

Duk da haka ban daina karantawa ba, kuma dalilina daga rediyo yake. Mu mutanen Sahel mun saba da jin an ce an kashe mutane da dama a wani ƙauye, babu suna, babu wanda aka kama, kashegari a wuce zuwa wani labarin. A waɗannan littattafai kuwa mutum ɗaya ne ya mutu, kuma shafi ɗari biyu ko fiye ake ɓatawa a kansa. Ana tambayar wa ya gan shi a ƙarshe, wa yake bin sa bashi, me ya sa ya bar fitila a kunne. Ko da mamacin mugu ne, ba a yafe binciken. A ƙarshe a ambaci sunan mai laifi a gaban jama'a. Wannan ne ke kwantar mini da rai, fiye da shayin da kyanwar.

Abin da nake jira shi ne marubucinmu da zai gane muna da kayan aikin a gida. Ga mai tallan fura da ke shiga kowane gida, ga ungozoma da ta san haihuwar kowa, ga wanzami da ke jin zancen maza. Alexander McCall Smith ya nuna a 1998 cewa za a iya yi a Afirka, da ya ba Mma Ramotswe ofishin bincike a Botswana. Tamu ba ta ma buƙatar ofis. A ba ta ƙwaryar fura, da unguwa ɗaya a Damagaram ko Maraɗi, da mamaci mai suna wanda ba za ta bari a manta da shi ba.