Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Duk wanda ya san Lafiya ya san ƙasar doya ce da ridi da agushi. Mu ma da noman muke ci. Muna da 'yar ƙaramar tirela mai ƙafa biyu wadda muke ɗaura wa a-kori-kura, mu kwaso doya daga gonarmu ta wajen Assakio zuwa kasuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ta hutawa. Da ruwa ya sauka a Afrilu kuwa, sai a jingine ta a bayan gida har Oktoba.

Marigayi kawuna, Allah Ya jiƙansa, ba ya taɓa barinta tsaye a kan tayoyinta. Sai ya sa jak ya ɗaga ta, ya tokare ta da gumagumai, ya kwance tayoyin ya kai su ɗaki. Ni kuwa ina ganin wahala ce kawai. Wata rana na ce, "Kawu, ai ƙarfe ba ya gajiya." Ya yi murmushi ya ce, "Ƙarfe ne ba ya gajiya, ɗana, amma roba tana gajiya."

Shekarar da ya rasu na bar ta yadda na ga dama, a kan turɓaya, ƙarƙashin mangwaro. Da kaka ta yi, na kai mai faci ya ƙara iska, muka loda doya. Ba mu yi nisa ba taya ta fashe, tirela ta karkata, doya ta zube a kwalta. Wadda ta farfashe sai da muka sayar da ita a wulaƙance. Ranar na tuna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Bakanike ne ya warware mini dalili. Taya ko ba ta huje ba, iska tana zurarewa a hankali. In ta yi wata shida nauyi na danne wuri ɗaya, sai gefenta ya lanƙwashe ya tsattsage. Laima kuma tana sa wayoyin da ke cikinta su yi tsatsa, rana tana busar da robar. Ruwa ya shiga boris, giris ya lalace. Ya kuma nuna mini lambobi huɗu a gefen tayar: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tawa ta tsufa ban sani ba.

To, jama'a, ga abin da na koya. In ajiyar mako biyu ce ko wata guda, ba sai an ɗaga ba. A cika iska, a tokare ƙafafun, a riƙa ɗan gusa ta. In kuwa damina ce sukutum, a ɗaga. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a bar ta a kan jak, don ba a yi shi domin doguwar tsayuwa ba. Kada a ɗora ta a kan bulon siminti mai rami, yana iya rugujewa ba sallama, ga yara suna wasan ɓuya a ƙarƙashi. A nemi gungumen itace mai tauri kamar ƙirya, a shimfiɗa masa faffaɗan dutse saboda gara da laushin ƙasa, a sa shi daidai ƙarƙashin babban ƙarfen jikinta, hagu da dama, gaba da baya. Sa'an nan a girgiza ta a gani ko ta zauna.

Bana gumaguman kawu na ɗauko, har yanzu da sauran ƙarfinsu. Allah Ya kai mu kaka lafiya, amin.